Sauka a babban otal a tafiyar kasuwa: waɗanda suka je su faɗa mana

Mai shagon kayan lantarki, Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena zai wakilce ni a baje kolin Canton da ke Guangzhou, ƙasar Sin, a watan Oktoba, kuma wannan ce fitarsa ta farko daga Ghana. Kamfanin da muke sayen fitilun sola a hannunsu sun ce ya sauka a otal mai taurari biyar kusa da Pazhou, inda ake baje kolin. Da na mai da kuɗin zuwa sidi sai da gabana ya faɗi. Ina roƙon wanda ya taɓa kwana a irin waɗannan wurare ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa, mai daɗi da marar daɗi.

Alhaji mai kayan gini, Asawase:
Wa'alaikumus salam. Ɗana, tsadar da ka gani ta lokacin ce. Tun 1957 ake wannan baje koli, sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba, kuma duk sanda ya zo otal-otal ɗin garin sukan ninka farashi. Na kwana a masauki mai araha a Xiaobei inda 'yan Afirka suka fi yawa, na kuma kwana a babba kusa da Pazhou. A Xiaobei na ci abinci hankali kwance, na ji Hausa a bakin titi, amma kullum sai na yi sammako na shiga cunkoson jirgin ƙasa, kafin na isa na gaji. A babban kuwa motar otal ce ke kai mu ta dawo da mu kyauta, wasu ma a harabarsu ake karɓar katin shiga baje kolin.

Abin da ya fi min amfani shi ne falon ƙasa. Wani manajan masana'anta ya zo ya same ni a can da yamma, muka zauna aka kawo shayi, muka baza samfura a tebur har muka daidaita kan kwantena. Mutumin nan yana kallon inda ka sauka kafin ya yanke maka farashi da sharaɗin biya, wannan na tabbatar. In yaron zai je sa hannu a ciniki ne, a biya masa. In kallo kawai zai je, Xiaobei ta ishe shi.

Ka ja masa kunne kan abinci. Teburin karin kumallo ya cika maƙil, amma naman alade na shiga inda ba ka zato, har cikin burodin da suke turarawa. Ni ƙwai dafaffe nake ci da 'ya'yan itace da shayi. Da rana ya nemi shagunan taliyar Musulmin ƙasar, yawanci allonsu kore ne da alamar halal. Ranar Juma'a kuma akwai tsoffin masallatai a garin, irin su Huaisheng, ya tambayi inda ake taruwa.

Hajiya mai atamfa da leshi, Kejetia:
Alhaji ya faɗi gaskiya, amma bai taɓo abin da ya fi cin rai ba, wato kuɗin jingina. A wani otal a Dubai, na riga na biya kuɗin ɗaki tun daga gida, ina isa suka ce in kawo kati su riƙe wani abu saboda ko zan ci ko zan ɓata. Suka danne min kuɗi masu yawa a katin da zan yi sari da shi a Deira. Ban taɓa komai nasu ba, amma sai da na dawo Kumasi na yi ta zarya banki kafin kuɗin su sako. Ranar da nake buƙatarsu a kasuwa ba su da amfani. Yanzu tambayata ta farko ita ce nawa ne jingina, kuma ko za su karɓi tsabar kuɗi su ba ni rasit. Da yawa suna yarda, ranar fita a miƙo maka abinka.

Sannan farashin da ka gani a intanet ba lallai shi ne za ka biya ba. A Dubai akwai kashi 10 na hidima, kashi 7 na hukumar gari, kashi 5 na harajin VAT da suka fara a 2018, ga dirhami 20 na kowane dare a otal mai taurari biyar. Ka tambaya ko an haɗa su a ciki. Amma in ana maganar ibada, can na fi sakewa: ga alamar alƙibla a ɗaki, ga tiyon tsarki a banɗaki, ka nemi sallaya a kawo maka.

Matashi mai sayar da wayoyi, Alabar:
Yaya, ka ce masa WhatsApp da Google ba sa buɗewa da intanet ɗin ƙasar Sin. Ni layina na gida na sa aka buɗe wa roaming, wato ya yi aiki a ƙasar waje, kafin na tashi, da shi na riƙa magana da shago. Ya sauke WeChat tun nan, don da shi 'yan kasuwarsu ke magana. Kuma ya ɗauki katin otal mai adireshi da rubutunsu, direban tasi ba ya karanta boko.

Malam, Sawaba:
Ni aikin ƙungiya ya kai ni Amsterdam, su suka biya. Gado mai laushi, tawul fari fat, amma da na shiga banɗaki babu buta, babu tiyo, sai takarda. Robar ruwan sha na mayar buta. Tun daga nan ƙaramar butar roba ba ta barin jakata. Alwala a kwamin wanke hannu kuma a yi a hankali, a shimfiɗa tawul a ƙasa, domin tayil ɗinsu in ya jiƙe santsi gare shi, dattijo zai iya faɗuwa. Wani abin da ya dame ni shi ne shiru. Ka kwana ka tashi ba wanda ya ce maka ina kwana da niyya, ba kiran sallah. Yaro ne, ku riƙa kiransa safe da yamma.

Mai shagon kayan lantarki, Aboabo:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganar jinginar nan ban taɓa jin ta ba. To ƙaramin firij ɗin da ake cewa yana cikin ɗaki fa?

Hajiya mai atamfa da leshi, Kejetia:
Kada ya kusance shi, ƙanena. Lemo da gyaɗa da cakulan da ke ciki duk na sayarwa ne, a farashin da ya ninka na waje, kuma akwai giya a jere da su. Ya ce a kwashe tun ranar farko, suna yi. Ruwan da aka ajiye kusa da butar shayi shi ne yawanci kyauta. Wanki ma haka, riga ɗaya-ɗaya suke lissafawa, ya tafi da kayan da za su ishe shi.

Mai takalma da jakunkuna, Asawase:
Ni ban yarda da Alhaji gaba ɗaya ba. A Istanbul na sauka a babban otal a gefen Taksim don a ga girmana, alhali kasuwata tana Laleli da Merter. Kullum ina cikin mota, cunkoso ya cinye min rabin yini, kuma 'yan shagon ba wanda ya tambayi inda na kwana. Kuɗi a hannu suke dubawa. Da na koma matsakaicin otal a Laleli, da ƙafa nake zagayawa, yaran shago su kawo min kaya har ƙofa. Masana'anta daban, kasuwar sari daban.

Alhaji mai kayan gini, Asawase:
Haka ne, ai Pazhou na ce saboda aikinsa a can yake. Ƙarin abu biyu, ɗana. Ba sa ba da ɗaki sai wajen ƙarfe 2 ko 3 na rana, fita kuma 12, don haka ya rubuta musu lokacin saukarsa tun yanzu, in ya isa da safe su ajiye masa jaka. Kuma soket ɗinsu ba irin namu mai baki uku ba ne, ya sayi mahaɗin caja a Adum kafin ya tafi. Ranar fita ya zauna ya karanta takardar lissafi layi-layi kafin ya sa hannu, ya karɓi kwafi mai hatimi ya kawo maka.