Musayar Waƙa: Kogi Ɗaya, Gwamnatoci Da Yawa

Malam Mai Awo

Assalamu alaikum. Maudu'in wannan karo: kogin da ya ratsa jihohi da dama a ƙasa mai ƙarancin ruwan sama, yaya jiha da tarayya za su raba shi? Na buɗe da ƙwar biyu. Mai amsawa ya zo da hujja.

Da sunan Allah na ɗau alƙalami,
Kan kogin da jihohi ke rabawa.

Ruwa bai san iyakar gwamna ba,
Gangare kaɗai yake ganewa.

Tarayya ce ke gina madatsa,
Gonakin jiha ake shayarwa.

Kafin a zauna rabon komai,
A fara da aikin aunawa.

A kafa ma'auni bakin iyaka,
Inda kogi ke ƙetarewa.

Sanda mai lamba a gefen gaɓa,
Safe da yamma ana karantawa.

Tsayin ruwa ba yawansa ba ne,
Sai an auna gudu ana haɗawa.

Faɗi da zurfi da saurin tafiya,
Ninka su, kubik mita ke fitowa.

In ambaliya ta sauya cikin kogi,
Tsohon lissafi na ruɗarwa.

A sake awo bayan kowace damina,
Jiha da tarayya na shaidawa.

Hajiya 'Yar Gangare

Wa alaikumus salam, Malam. Awo ya yi, amma awon shekara nawa? Ga abin da ya sami Amurka. Ma'auninsu eka-ƙafa ne, wato ruwan da zai rufe eka guda zurfin ƙafa ɗaya, kimanin kubik mita 1,233.

Malam, ka faɗi gaskiya kan awo,
Sai dai gajeren awo na da haɗari.

Kogin Kolorado, a 1922,
Jihohi 7 suka zauna tsari.

Hoover na tarayya ya ja zaman,
Aka tsaga kogin biyu cikin shiri.

Na sama miliyan 7.5, na ƙasa haka,
Duk shekara, haka aka sa a tsari.

A 1944 Meziko ta sami 1.5,
Aka ɗora kan kayan da sauri.

Shekarun da suka duba na yalwa ne,
Ba su sa lissafin dogon fari.

Takarda ta raba miliyan 16.5,
Kogi ya kasa, duk da ƙoƙari.

A 2021 tafkin Mead ya sauka,
Ƙasa da ƙafa 1,075 na tsari.

Tarayya ta ayyana ƙarancin farko,
Arizona ta rasa 512,000 a jeri.

Kar a rubuta wa jiha adadi tsayayye,
A rubuta mata kaso cikin ɗari.

Ɗan Fadama

Baba Malam, Hajiya, a gafarce ni, yaro ne zai sa baki.

Hajiya, kaso cikin ɗari na ji,
Amma wa zai tilasta biyayya?

Mu leƙa kogin Kaberi mu gani,
Can kudancin ƙasar Indiya.

Karnataka na riƙe da madatsu,
Tamil Nadu na jira daga baya.

An kafa kotun ruwa a 1990,
Sai 2007 ta yanke jayayya.

Shekara 17 ana hawa ana sauka,
Shuka ba ta jiran takardar lauya.

Kotun Ƙoli ta gyara a 2018,
Aka kafa hukuma ta tarayya.

Kubik ƙafa biliyan 177.25,
Biligundlu ce wurin ƙidaya.

An yanka shi wata-wata a jadawali,
Na shekarar da sama ta zo lafiya.

An ce in fari ya zo a rage daidai,
Ba a shimfiɗa lissafin ba gaba ɗaya.

Da damina ta gaza a 2023,
Rigima ta dawo kamar jiya.

Injiniyar Dam

Ƙanena, ka taɓo inda ke ciwo. Zan amsa da ƙwar huɗu, daga ƙasar da ta fi kowa gwada wannan aiki, ta kuma yi tuntuɓe a cikinsa.

Ostareliya ta sha dogon fari,
A 2007 ta kafa sabon tsari,
Kogin Murray-Darling aka yi wa nazari,
Daga tushe har bakin tekunsa.

Jihohi 4 suka rage jayayya,
Suka miƙa wani iko ga tarayya,
A 2012 aka shata hanya,
Iyakar ɗiba, kowa da layinsa.

Lita biliyan 2,750 a shekara,
Za a bar wa kogi, ga dabara:
Sayen lasisin mai son sayarwa, da gyara
Kwatar da ruwa ke zurarewa ƙasa.

Lasisi can kaso ne, ba alkawari,
Duk shekara a faɗi nawa cikin ɗari
Tafki zai iya bayarwa ba haɗari,
Mai gona ya shuka gwargwadonsa.

A 2017 asiri ya fita,
Injina na zuƙa babu mita,
Jihar da ke tsaro ta kau da kanta,
Na ƙasa ya ga raguwar rabonsa.

A 2019 Menindee ta ga gawar kifi,
Kogi ya tsaya, ba gudu ba zurfi,
A 2021 aka naɗa sufeto mai ƙarfi,
Na tarayya, mai bin kowa da littafinsa.

Malama Mai Kwale-kwale

Yaya Injiniya, madalla. Sai dai duk kun tsaya kan "nawa", kun bar "yaushe".

Raba yawan ruwa rabin aiki ne,
Lokacin saki ma na son bayani.

Madatsun Tiga 1974, Challawa 1992,
Hukumar tarayya ke da mabuɗin gini.

Ana ta sakin ruwa ba yankewa,
Hanyoyin Haɗeja ba sa bushewa da rani.

Kachala ta sami gindin zama,
Ta tare laka, ta toshe tsakani.

Ruwa ya bar hanya ya hau gonaki,
Mai isa Yobe ya zama ɗan ƙanƙani.

A 2006 jihohi 6 da tarayya,
Suka haɗa asusu neman magani.

Bauchi, Borno, Jigawa da Kano,
Filato da Yobe, don ka sani.

A saki babban ruwa cikin damina,
Ya wanke laka irin na wancan zamani.

Da rani a ɗan rufe, hanya ta bushe,
A yashe ta, a gyara ma'auni.

Asusun da ba a zuba wa duk shekara,
Allo ne kawai mai kyan gani.

Malam Mai Awo

Na ji ku duka, Allah ya ƙara basira. Ɗana ya nemi lissafin fari, to ga yadda nake ganin a rubuta shi tun tafki na cike. Lambobin misali ne, kowane kogi da nasa.

Ran da damina ta ɗauke a karanta tafki,
Da lambar ranar ake yankewa.

Kashi 70, kowace jiha ta ɗiba,
Cikakken kasonta ba ragewa.

Ya sauka 50, a taɓa na noma,
Ta sama da ta ƙasa na ɗanɗanawa.

Ya kai 30, sai sha da dabba,
Da ɗan gudun da ke riƙe rayuwa.

Rijiyar burtsatse kusa da gaɓa,
Ruwan kogin take tsotsewa.

In ba a sa ta cikin kason jiha ba,
Abin da aka hana, ta ƙasa ake kwashewa.

Lasisi da mita jiha ta bayar,
Tarayya ta bi tana tantancewa.

Kuɗin gyaran kwata na tarayya,
Sai jiha ta kawo lamba ake turawa.

Hajiya 'Yar Gangare

Malam, akwai mai ɗiba guda da ba ka ba shi layi ba.

Ka lissafa noma da sha da dabba,
Ka bar rana mai mai da ruwa tururi.

Ƙasan Kolorado tururi da yoyo,
Sun haura miliyan 1, ba a sa su a tsari.

A cire shi tukuna daga jimillar tafki,
Saura a raba wa jihohi cikin ɗari.