Na sayi tsohuwar Massey Ferguson 135: ta ina zan fara gyara, kuma ina ake samun kayanta?

Manomin Kumo:

Assalamu alaikum. Jama'a ina neman shawarar masana. Na sayi tarakta Massey Ferguson 135 mai injin gas, ta yi wajen shekara biyu a ajiye ba a taɓa ta ba. Tana tashi, amma da safe sai an sha fama, kuma farin hayaƙi take yi har sai ta ɗumama. Hannayen baya suna ɗaga haro da karkarwa, ana kashe inji kuma sai ya sauka a hankali. Man giya ya koma fari kamar kunun gyaɗa. Akwai ɗigon mai a ƙasa tsakanin inji da giyabos. Ina son ta yi min haro da jan tirela daminar bana. Me zan fara yi, wane mai zan zuba, kuma a ina ake samun kaya masu kyau?

Bakaniken Tarakta:

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanya alheri. Kada ka ɗaura mata haro tukuna, kada kuma ka bari a ce maka sai an sauke inji kafin a yi mata cikakken sabis.

Fara da lambobi. Lambar taraktar tana kan ɗan faranti kusa da gindin sitiyari, ta inji kuwa an buga ta a jikin bulok. Ka kankare, ka ɗauki hoto. An ƙera 135 daga 1964 zuwa 1979, yawancin na wajenmu daga Coventry ta Ingila, da injin Perkins AD3.152 mai silinda uku. A tsawon shekarun nan an canza abubuwa da dama, ga shi kuma taraktar da ta haura shekara 45 da wuya a ce ba a taɓa sauya mata wani abu ba. Sunan da ke jikin bonet ba ya sayen kaya.

Sai juye. Ka tayar da ita ta yi minti goma, ka kwance notin ƙasa tun mai yana da zafi. Injin yana cin wajen lita 6 da ɗoriya har da filta. Ka zuba 15W-40 na injin gas, ka bi sandar awo. Bayan aikin awa 20 zuwa 30 ka sake juyewa, domin sabon mai zai wanko dattin da ya daskare a ciki.

Ɓangaren gas shi ne inda wahalar tashin safe ta fi ɓuya. Ka sauke tanki a wanke, saboda tankin da ya daɗe a ajiye ba ya rasa ruwa da tsatsa a ƙasansa. Akwai 'yar raga a bakin famfon tankin, ita ma a wanke. Filtar gas lamba 296 ce, wasu taraktocin guda biyu ne a jere, ka canza su tare da robobinsu. Daga nan a cire iska bi da bi: ka sassauta notin saman filta, ka riƙa danna hannun ƙaramin famfon gas har kumfa ta ƙare, ka ɗaure. Ka yi haka a kan ƙananan notuna biyu na jikin injekta, na ƙasa kafin na sama. Sannan ka sassauta bututun nozul, ka buga kik har gas ya feso, ka ɗaure. Idan ka danna hannun famfon ka ji shi sakwaf, ka ɗan juya injin kaɗan ka sake gwadawa.

Tafet, wato ratar bawul, a saita shi inji yana sanyi, milimita 0.30, na shiga da na fita duka ɗaya. In bayan wannan farin hayaƙin bai daina ba, a cire nozul uku a kai wa masu gwadawa a kan na'ura. Nozul mai ɗiga ba ya fesa gas, zubawa yake yi, shi ya sa gas ke fita ɗanye ta salansa. Sai ka ga hayaƙi shuɗi, da iska mai ƙarfi tana hurowa ta tiyon numfashin inji, da mai yana raguwa kullum, sannan za a fara maganar ringi da silib.

Mai Garejin Bajoga:

Abin da Malam ya faɗa haka yake. Ni kan farin man nan zan yi magana, domin ya fi ɗigon da kake gani haɗari.

A 135 giyabos da difaranshal da haidirolik duk mai ɗaya suke sha, wajen lita 30. Ruwa ne ya shiga ya mai da shi fari, kuma hanyarsa sananniya ce: robobin gindin sandunan giya idan sun yage, da robar da ke rufe babban sifirin na ƙarƙashin kujera. Ruwan sama kan bi ta nan kai tsaye. Idan ka zuba sabon mai ba ka canza robobin ba, kafin watan Agusta ka koma gidan jiya.

Notin zubar da mai biyu ne a ƙasa, ka kwance duka, ka bar shi ya kwana yana tsiyaya. Ka duba maganaɗisun notunan: laushin ƙarfe kamar toka ba komai, amma ɓarɓashi mai kaifi alamar haƙorin giya ko boris ya fara ci. Famfon haidirolik yana da ragar tace mai. A taraktocin farko-farko ta murfin gefe ake kai gare ta, a na baya kuwa ta wani ɗan faranti mai noti uku a ƙasa. Wanke ta da gas. Sau da yawa karkarwar hannaye daga nan take, famfo yana neman mai ba ya samu.

Kada ka yarda a zuba maka man giya EP 90 ko 140 irin na manyan motoci. Ya yi wa famfon kauri, kuma sinadarin da ke cikinsa ba ya shiri da bushin na tagulla. Ka nemi man tarakta mai rubutun STOU a jikin jarka, wato mai ɗaya da ke yi wa inji, giya da haidirolik. In ya gagara, 15W-40 zai yi, tunda birkin 135 busasshe ne, ba cikin mai yake ba.

Saukar haro kuma ga gwajinsa. Ka rage mai ya koma ƙasa da murfin gefen dama, ka buɗe murfin, ka ɗaga haro, ka kashe inji, ka haska da tocila. Mai yana zubowa daga sama, ringin fistin ɗin ɗagawa ne ko robobin bututun da ke kai mai sama. Mai yana motsi daga ƙasa kusa da famfo, bawul ne. Hannunka kada ya shiga ramin nan inji yana aiki, ko da wasa, kuma kowa ya matsa daga ƙarƙashin haron.

Ɗigon tsakiya ta ramin da wata 'yar kusa take lilo yake fitowa. Ka taɓa da yatsa. Baƙi ne, sil ɗin bayan karanshaf. Mai haske ko fari irin na giya, sil ɗin shaf ɗin giyabos. Kowanne ne sai an raba taraktar biyu. In ɗigo ne jefi-jefi kuma kuloci ba ya zamewa, ka lallaɓa har a gama damina. Ranar da aka raba ta, a canza sil biyun da faifan kuloci da boris ɗinsa gaba ɗaya, kada ka biya kuɗin aiki sau biyu.

Dillalin Kayan Noma:

Ranka ya daɗe, ta fannin kaya ka yi sa'a. Injin nan shi ne a cikin Massey Ferguson 240, wadda kamfanin Millat na Pakistan ya ci gaba da ƙerawa, don haka filta, gaskit, ringi, silib, metal da famfon ruwa ba su yanke ba. Ƙananan abubuwa kana samu a cikin Gombe wajen masu kayan tarakta. Manya sai Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko a yi maka aike daga Ladipo a Legas. Na waje masu suna akwai Sparex da Bepco, filtar gas kuma Delphi.

Amma ka tafi da tsohon a hannu. Famfon haidirolik akwai mai haƙora 10 a shaf, akwai mai 21. Faifan kuloci akwai inci 11, akwai 12. Filtar baƙin mai akwai ta takarda da ake sawa cikin gwangwani, akwai wadda ake murzawa, lambarta ta Perkins 2654408. Metal kuwa, wato boris ɗin karanshaf, ba a saye sai mai gogar karanshaf ya auna ya faɗi girman. A waya duk sunansu ɗaya.

Bonet, ƙarfen gaba, rim, murfin giya, waɗannan na hannu sun fi sabo kauri, ka saya ba fargaba. Sil, gaskit, ringi da bakin nozul kuwa sabbi kawai. Jabu ya fi yawa a filta da bakin nozul, kwalin ma kwaikwayonsa ake yi. Ka ɗaga filta ka ji nauyinta, ka leƙa takardar ciki. Filtar banza ɗaya tana iya cinye injekta, shi kuwa gyaransa ya ninka kuɗin filta sau da yawa.

Ka sayi sifanun inci, 7/16 da 1/2 da 9/16 da 5/8. Notunanta ba na milimita ba ne, sifana 13 ko 14 mulmule musu kai take yi.

Manomin Kumo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Wani ya ce in cire tamostat don kada ta yi zafi a lokacin haro. Ya kuke gani?

Bakaniken Tarakta:

Kada ka cire, Alhaji. In ya lalace a sa sabo. Injin da ba ya kai zafinsa gas ba ya ƙonewa sosai, ya riƙa wanke mai daga jikin silib, ringi ya ci da wuri. Zafin tarakta a ƙasarmu daga lagireto yake: ƙura da ƙaiƙayi sun toshe waje, laka da tsatsa sun toshe ciki. A hura shi daga ɓangaren fanka zuwa gaba, a kai masu lagireto su buɗe su tsefe bututun. Ruwansa wajen lita 10 ne, kuma ba ruwan kududdufi ba. Fanbel in ka danna da babban yatsa ya lotsa kamar santimita ɗaya. Ka riƙe fanka ka girgiza, in tana kaɗawa boris ɗin famfon ruwa ya tafi.

Filtar iska in mai kwanon mai ce, a lokacin haron farko da ƙasa take a bushe kullum da safe za a sauke kwanon. Laka ta taru, a zubar a wanke, a zuba baƙin mai daidai layin da ke jiki, kada a haura.

Mai Garejin Bajoga:

Tunda ka ambaci tirela: ka duba ko taka mai Multi-Power ce, wato ƙarin giyar da ake sauyawa ba a taka kuloci ba, za ka ga ɗan hannu a gaban direba da High da Low. In tana Low inji ba ya riƙe ta a gangara, sakinta yake yi, kuma irinta ba ta tashi da turi ko ja. A gangara High ake sawa. Ka buɗe gangunan birki biyun, in mai ya jiƙa takalman, sil ɗin aksul ne, a canza sil da takalmi tare, wanki da fetur ba ya dawo da su. Kafin ka hau kwalta ka haɗa fedodin birki da sakatarsu, ka gwada a fili ka ga ƙafa biyu suna kamawa lokaci ɗaya.