Tambaya kan Josef Váchal, mai zanen ƙasar Cek

Ɗalibin Zane:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina koyon sassaƙa hoto a kan katako domin bugawa a takarda, kuma na ci karo da ayyukan wani mutumin ƙasar Cek mai suna Josef Váchal, waɗanda suka cika da shaiɗanu da ruhohi da dazuzzuka masu duhu. Shin da gaske ya yi imani da waɗannan abubuwa, ko kuwa salon jan hankali ne kawai?

Mai Ɗinkin Littafi:
Wa alaikumus salam. Tarihinsa ya nuna cewa abin ya shiga ransa sosai. An haife shi a 1884 a ƙauyen Milavče, kakanninsa suka raine shi a garin Písek, sannan ya tafi birnin Prag ya koyi ɗinkin littafi. Tun yana saurayi ya shiga ƙungiyar masu neman ilimin ɓoye, yana halartar zaman kiran ruhohi, kuma a 1910 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu zane ta Sursum. Daga baya aka tura shi fagen daga a bakin kogin Soča, wajen iyakar Italiya, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, matarsa kuma ta rasu da tarin fuka a 1922. Wanda ya ga irin wannan, duhun da ke cikin zanensa ba na aro ba ne.

Abin da ya fi burge ni, a matsayina na mai wannan sana'a, shi ne yadda yake yin littafi shi kaɗai tun daga farko har ƙarshe. Shi yake rubutawa, shi yake sassaƙa hotuna, shi yake jera haruffa, ya buga, ya ɗinke, ya yi bango. Littafinsa Krvavý román na 1924 kwafi 17 kacal ya buga, na dajin Šumava kuwa, wanda ya fito a 1931 da hotuna masu launi, kwafi 11.

Malama Mai Tarihi:
Ina goyon bayan Malam, amma ina ganin ya kamata a ƙara cewa Váchal ya sha yi wa masu ilimin ɓoyen ba'a a cikin rubutunsa, don haka imaninsa yana tafe da shakka. Ɗalibi, ka nemi hotunan gidan Portmoneum da ke garin Litomyšl. Mai gidan, wani mai son littattafai, Josef Portman, ya gayyaci Váchal, shi kuwa tsakanin 1920 da 1924 ya zane bango da rufin ɗakuna biyu, ya kuma sassaƙa kayan ɗakin. Za ka ga alamomin Kiristanci da na addinin Hindu da shaiɗanu a wuri guda. Gidan ya lalace ƙwarai kafin a gyara shi a buɗe wa jama'a a 1993.

Ɗalibin Zane:
Na gode, Malama. Ya samu ɗaukaka kuwa yana raye?

Malama Mai Tarihi:
Kaɗan ƙwarai. Ya ƙare rayuwarsa cikin talauci a ƙauyen Studeňany tare da mai zane Anna Macková, kuma ya rasu a watan Mayun 1969, 'yan kwanaki bayan rasuwarta.