Waya a matsayin makullin mota: wa ya taɓa dawowa ya tarar motar ba ta kulle kanta ba?

Mai buɗe zance:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Wata bakwai ke nan da na ajiye makullin mota a gida na koma amfani da wayata, kuma galibi abin yana tafiya yadda aka tsara shi: idan na fito na rufe ƙofa na yi taku kamar goma, sai fitilu su ƙifta, madubai su naɗe, motar ta kulle kanta. To amma a cikin makonni huɗu da suka wuce, sau uku ina dawowa in tarar da ita a buɗe. A karon farko ban kawo komai a raina ba, na ɗauka ni ne ban tura ƙofar da kyau ba. Na ukun ne ya tayar mini da hankali, domin na bar ta wajen awa biyar a wurin ajiye motoci na jama'a da jakar takardun aiki a kujerar baya, kuma tun daga nesa da na hango madubai a miƙe gabana ya faɗi. Allah ya kiyaye, ba a taɓa komai ba. Na kashe Bluetooth na kunna, na kashe wayar gaba ɗaya na sake kunnawa, na duba saitin kulle kai a allon motar na same shi a kunne. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne buɗewa ba ta taɓa gagara ba, kullewar ce kaɗai take gardama, ita ma ba kullum ba. Ina roƙon duk wanda ya taɓa gamuwa da haka ya gaya mana yadda tasa ta kasance da abin da ya gano.

Wata ma'aikaciyar jinya:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni tawa a gida kawai take yin haka, kuma na daɗe kafin in gane dalili. Bango ɗaya ne tsakanin inda nake ajiye motar da falo, kuma na saba in jona wayata a caji a kan teburin da ke jikin bangon nan. Ashe a wurin motar ban tafi ko'ina ba, tana jin wayar kusa da ita tana jiran in yi nisa, ni kuwa har na yi barci. Da na fara kulle ta da kaina daga manhaja sai na zaci an gama, har wata safiya ɗana ya je ɗauko littafinsa, ya ja mariƙin ƙofa kawai ta buɗe masa, alhali wayar tana falo ni ina kicin. Wannan ya fi rashin kullewar ba ni tsoro, domin duk wanda ya zo wucewa haka za ta buɗe masa. Na mayar da wurin cajin can ɗakin ciki, matsalar ta ƙare daga ranar. Ka kuma duba ko motarka tana da zaɓin da ke hana ta kulle kanta idan tana gida, domin tawa tana da shi, kuma ta hanyar taswira take gane gidan, don haka ko a ƙofar maƙwabci ka ajiye ta tana iya ɗauka a gida take.

Wani tsohon direba:

Ɗana, kafin ka zargi waya ka zagaya motar tukuna. Sau biyu igiyar jaka tana maƙale mini a bakin but, murfin ya sauka kamar ya kama alhali bai kama ba, kuma mota ba ta kulle kanta matuƙar akwai ƙofa ko but da bai rufu sosai ba. Belin kujera ma yana yin haka idan bai koma mazauninsa ba ya faɗa bakin ƙofa.

Mai gyaran wayarin mota:

Abin da Baba ya faɗa shi ne farkon abin da nake dubawa idan an kawo mini irin wannan ƙorafi, domin a kowace ƙofa akwai ɗan makunnin da ke shaida wa kwamfutar motar cewa ta rufu, kuma idan ya fara lalacewa sai ya riƙa cewa a buɗe take wani lokaci. Idan ka rufe komai ka dubi allon ka ga hoton ƙofa a buɗe, to ba sai an wahalar da waya ba.

Labarin Hajiya ma'aikaciyar jinya kuma yana da tushe a yadda aka gina fasahar, don haka bari in ɗan tsawaita. Hanyoyi uku ne waya take magana da mota. Akwai NFC, wadda sai ka kai wayar jikin mariƙin ƙofa, tazarar 'yan santimita, kuma ita ba ta san ka tafi ko kana nan ba, don haka motar da NFC kaɗai take amfani da shi ba za ta kulle kanta don ka yi nisa da waya ba, sai ka sake taɓawa. Akwai Bluetooth mai ƙarancin cin batir, wanda ke aiki a zangon gigahaz 2.4, kuma shi ba ya auna nisa kai tsaye, ƙarfin sigina yake dubawa ya yi kirdado. Nan ne rikicin yake, domin jikin mutum yana shanye wannan sigina sosai, ƙarfe kuma yana mayar da ita. Waya a aljihun baya, kai kana tsaye tsakaninta da mota, za ta yi kama da wadda take nesa, yayin da waya a bayan taga mai tazarar mita da yawa za ta yi kama da wadda take kusa. Ta ukun ita ce UWB, wadda take auna lokacin da saƙo ya ɗauka ya je ya dawo, ta fitar da nisan har zuwa kimanin santimita goma, shi ya sa take iya bambance wayar da ke cikin mota da wadda ke wajenta. Ƙungiyar Car Connectivity Consortium, wadda ta haɗa kamfanonin motoci da na waya, ta shigar da ita cikin ƙa'idar Digital Key 3.0 a shekarar 2021, kuma iPhone 11 ta 2019 tana cikin wayoyin farko da suka zo da ita. Sai dai dole ne motar da wayar duka su kasance suna da ita, in ba haka ba a koma wa kirdadon Bluetooth ko taɓawar NFC.

Ni kaina na yi mako biyu ina fama da motar wani abokina da ke kullewa tana buɗewa tana kullewa muddin ina aiki a gefenta da wayarsa a kan benci. Babu abin da ya lalace, bencin ne yake daidai kan iyakar da siginar take hawa tana sauka. A ganina tambayar da ta fi dacewa a yi ita ce: a daidai lokacin da ka tafi, a ina motar take zaton makulli yake? Kada ka manta makulli ba wayarka kaɗai ba ce, duk abin da aka taɓa yi wa rajista makulli ne.

Wani ɗalibin jami'a:

Yaya, ni tawa daga wayar ta fito. Ina amfani da Android, kuma bayan wata sabuntawa sai na lura cewa idan na buɗe manhajar motar kafin in fita komai yana tafiya daidai, idan kuwa wayar ta daɗe a aljihu sai abin ya rikice, wani lokaci ta ƙi buɗewa, wani lokaci kullewar ta yi jinkiri. Tsarin tanadin batir ne yake sa manhajar barci idan ba a kanta ake ba. Na shiga saitin batir na cire mata takunkumi, sannan na duba izini. Tun daga Android 12 an ware izinin na'urorin da ke kusa daban da izinin wuri, kuma tun daga Android 11 waya tana iya janye izini da kanta daga manhajar da aka yi watanni ba a buɗe ba, abin da ke saurin samun mai makullin waya, tunda amfanin abin shi ne ba sai ka buɗe manhajar ba. Na kuma daina share ta daga jerin manhajojin da ke buɗe, ɗabi'ar da na ɗauka tana rage cin batir. Idan duk wannan bai yi ba, ka goge makullin ka sake haɗa shi.

Wata malamar makaranta:

Ƙanina, shawararka ta ƙarshe tana bukatar sharaɗi. Kada kowa ya goge makullin waya sai katin motar, wato katin da ake buɗe ta da shi a matsayin makulli, ko rimot yana hannunsa, domin motoci da yawa ba sa yarda a yi sabuwar rajista sai an gabatar da ɗayansu, kuma na san wanda ya goge a wurin aiki alhali katin yana gida.

Tawa matsalar kishiyar ta Malam ce: motar ta kulle da wayata a ciki. Batirin ya kusa ƙarewa, na ɗora ta a kan faifan caji na fita ɗauko kaya, ashe ba ta zauna daidai ba, ta mutu. Da siginar ta ɓace sai motar ta ɗauka na tafi da makullina, ta kulle kanta da jakata da katin duk a ciki. Na tsaya kusan awa biyu kafin maigidana ya buɗe mini daga tasa wayar ta intanet. Ban daina tunanin da a ce jaririyata tana kujerar baya cikin zafin rana ba, don haka yanzu katin a jikina yake kwana ba a jaka ba, kuma ba na rufe ƙofa da yaro a ciki sai waya tana hannuna. Na ji ana cewa iPhone tana aiki ko batir ya ƙare, kuma gaskiya ne Apple ya ce har zuwa awa biyar, amma wannan ta hanyar taɓa mariƙin ƙofa da wayar ne, ba ya amfanar wadda wayarta ke kulle a ciki.

Mai buɗe zance:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarwarin ɗaya bayan ɗaya. Ƙofofi da but lafiya suke, saitin gida a kashe yake, izini ma duk suna nan. Maganar mai gyara ce ta tsaya mini a rai, cewa duk abin da aka taɓa yi wa rajista makulli ne, sai na buɗe jerin makullai a allon motar na ga huɗu: wayata, ta uwargida, kati, da tsohuwar wayata da na canja wata biyu da suka wuce. Tsohuwar wayar tana cikin akwatin gaban mota, na bar ta don yara su riƙa kallo a doguwar tafiya. Yawancin lokaci a mace take, shi ya sa motar ke kullewa lafiya, amma duk ranar da yara suka yi mata caji suka mayar da ita a kunne, motar sai ta ga makulli a cikinta ta ƙi kullewa don kada ta rufe ni a waje. Na tambayi babbar 'yata, ta tabbatar mini sun yi amfani da ita a daren da ya gabaci ranar awa biyar ɗin nan. Na gwada da gangan sau huɗu: tsohuwar waya a kunne, motar ba ta kulle ba, a kashe, ta kulle kafin in yi taku goma sha biyu. Na cire ta daga jerin, na kunna ƙarar hon ta tabbatar da kullewa, na kuma kunna sanarwar da ke shigowa waya idan an bar motar a buɗe, wadda ashe tun ranar da na sa manhajar na hana ta aiko mini da saƙo. Yau kwana goma sha shida ke nan ba ta sake yi ba. Hajiya, daren jiya na gwada naki, na ajiye waya a tagar ɗaki na sa yaro ya ja mariƙin ƙofa, kuma ta buɗe masa, don haka ni ma wurin cajin nawa zai tashi daga nan.