Musayar Waƙa: Kufan Ayutaya

Ɗan Fatake: Jiya na dawo daga Tailan. Na leƙa Ayutaya, tsohon birnin sarakunan Siyam, wato tsohon sunan Tailan. Amsa-amon yau "wa" ne, mai ji da kansa ya shigo.

Na bar Bankok da hantsi, jirgin ƙasa na hawa,
Kilomita kusan 80, arewa muke dosawa.
Koguna uku sun yi wa birnin zobe da ruwa,
Jan bulo ko'ina, rana tana ta gasawa.
A haikalin Wat Mahatat na tsaya cik, na kasa wucewa,
Kan gunkin Buddha ne, saiwar itace na rungumewa.
Mai gadi ya ce mai son hoto sai da tsugunnawa,
Kanka kar ya ɗara nasa, haka suke girmamawa.

Malam Na-Zaure:

Haba ɗana, ka ƙetare teku don kango da rusawa?
Har da tsugunno gaban gunki? Wannan sai da tambayawa!

Ɗan Fatake:

Allah gafarta Malam, hoton na bar wa Turawa,
Ni tarihi na je gani, da yadda mulki ke ƙarewa.
A 1350 Sarki U Tong ya yi aikin kafawa,
Fiye da shekara 400 birnin na bunƙasawa.
A 1767 dakarun ƙasar Bama (Myanmar ta yau) suka yi masa ƙawanya da ƙonawa,
Gumaka birjik babu kai, sahu-sahu a zazzaune kuwa.
Kuma akwai naka a can, Malam, sai ka yi murmusawa:
Shehu Ahmad, ɗan kasuwar Ƙum, daga cikin Farisawa,
Sarki ya ba shi jagorancin Musulmi da ɗaukakawa,
Kabarinsa na nan a garin, ana zuwa ziyartawa.

Malam Na-Zaure:

To, ka wanke kanka, ɗana, na janye tuhumawa,
Allah ya ji ƙan Shehu, wannan ban san da shi ba kuwa.

Hajiya Mai Alƙalami:

Ku bar ni da kufai, ƙanena, ina tsarabar rabawa?
An ce Musulmin garin na yin wata irin alewa,
Roti sai mai, zaren sukari a fanke ake naɗewa.

Ɗan Fatake:

Yaya Hajiya, na saya miki leda biyu, ba musawa,
Tun a tashar jirgi na fara ɗan ɗanɗanawa,
Ledar dai tana nan, ita zan kawo miki da rantsuwa.