Neman kalmar Hausa: me za mu kira "melanin"?

Malam Habu:
Assalamu alaikum. Ana shirya bayani da Hausa kan yadda launin fatar ɗan Adam ya bambanta tun zamanin mutanen farko, sai kalma ɗaya ta tsaya mana a wuya: melanin. Abin da na fi gani a rubuce biyu ne, "sinadarin launin fata" da "sinadarin baƙi". Na farko ya yi tsawo, ba a iya maimaita shi sau goma a shafi ɗaya. Na biyu kuwa fassarar tushen kalmar ce, don melas a Girkanci baƙi yake nufi. Kafin mu tsayar da ɗaya, ina roƙon masana su faɗa mana ainihin abin da za mu raɗa wa suna.

Likita Rakiya:
Wa alaikumus salam, Allah gafarta Malam. Don Allah a ajiye "sinadarin baƙi" tun yanzu. Zai koya wa mai karatu kuskuren da muke fama da gyarawa, wato cewa baƙar fata na da abin, farar fata ba ta da shi. Kowa yana da shi.

Ga yadda yake. A can ƙasan fatar waje akwai wasu ƙwayoyin jiki masu rassa kamar yatsu, su ne melanosait. Yawansu kusan ɗaya ne a jikin Bahaushe da Bature da ɗan Sin. Kowace ɗaya tana yi wa ƙwayoyin fata kimanin 36 hidima: ta haɗa melanin, ta ƙunshe shi cikin 'yan ƙananan jakunkuna, ta miƙa musu ta rassanta. Su kuma su jera jakunkunan a saman cibiyarsu kamar malafa, don kare ƙwayoyin gado daga hasken UV, wato ɓangaren hasken rana mai ƙuna wanda ido ba ya gani. A baƙar fata jakunkunan manya ne, suna da yawa, kowace a ware take, kuma suna daɗewa har su kai saman fata. A farar fata ƙanana ne, a dunƙule suke, kuma suna narkewa da wuri. Bambancin ke nan.

Sannan iri biyu ne. Akwai eumelanin, mai launin baƙi zuwa ruwan ƙasa, shi ne mai tare hasken UV sosai. Akwai feomelanin, mai ja-ja da rawaya, shi ke rinjaye a jan gashin wasu mutanen Sikotilan da Ayalan, kuma kariyarsa kaɗan ce. To, ta yaya za a ce da abu ja "sinadarin baƙi"?

"Sinadarin launin fata" ma bai rufe ba, don melanin yana cikin gashi, yana cikin ƙwayar ido, yana can cikin kunne, akwai ma wani nau'insa a ƙwaƙwalwa.

Malam Habu:
Madalla, Likita. Ke nan launi ma ba shi ne kalmar ba. Launi daga Larabci muka aro shi, shi ne wanda ya zo a aya ta 22 ta Suratur Rum, inda aka ambaci saɓanin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyin Allah. Amma launi abin da ido ke gani ne. Mu kuwa abin da ke haifar da shi muke nema.

Alhaji Ɗanlami:
Ni shawarata a duba karofi. Duk wanda ya tsaya a marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga wannan: rijiya ɗaya, baba ɗaya, toka ɗaya. Marini ya tsoma farin ƙyalle ya ɗago, ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya juye shuɗi a gaban idonka. Ya sake tsomawa ya ƙara duhu. In ya yi ta maimaitawa sai ya kai shuɗin da ya kusa zama baƙi. Ba wanda zai ce mai haske ba shi da baba. Yana da shi, bai sha da yawa ba ne. Abin da Likita ta bayyana ke nan. Don haka na kawo "rinin jiki". Gajere ne, ya ɗauki fata da gashi da ido, kuma yana haifar da 'ya'ya: eumelanin ya zama baƙin rini, feomelanin jan rini, melanosait ta zama ƙwayar marini, jakunkunan kuma ƙunshin rini.

Likita Rakiya:
Alhaji, misalinka ya fi yadda kake zato dacewa. A ilimin haɗa sinadarai, baba da eumelanin dangi ne na nesa, dukansu a kan ginshiƙin da ake kira indol aka gina su, kuma dukansu sai da iskar oksijin launinsu ke fitowa. A jiki, wani sinadari mai suna tayirosines ne ke kama tayirosin, ɗaya daga tubalan furotin, ya fara sarrafa shi har ya zama melanin.

Amma ina da tsoro ɗaya. Rini daga waje ake sa shi, kuma yana zuba. A ƙasar da man bilicin ya cika kasuwa, kada mu ba mutane kalmar da za ta sa su ɗauka baƙinsu shafe ne, ana iya wanke shi.

Malama Hadiza:
Daga nan Damagaram, bari in sa baki a kan wannan, sannan in kawo tarihin, don shi ne zai gwada kalmar.

Na farko, a Faransanci ma kusan haka ake furta ta, melanin. Ɗalibin Nijar da na Nijeriya duk za su gamu da ita a jarrabawa, don haka kada a kore ta gaba ɗaya.

Na biyu, tarihin. Abin da masana kimiyya suka fi rinjaya a kai shi ne bayanin Nina Jablonski da George Chaplin na shekarar 2000, inda suka ɗora taswirar ƙarfin hasken UV a duniya kan taswirar launin fatar 'yan asalin kowane yanki, suka ga sun bi juna sosai. Jiki yana tsakanin buƙatu biyu masu jan juna. Hasken UV mai yawa yana lalata folet a cikin jini, wato ɗan'uwan folik asid ɗin da ake ba mata a wajen awo. In folet ya yi ƙaranci a makonnin farko na ciki, ana iya haifar jariri da ƙashin baya a buɗe, kuma maniyyin namiji ma yana buƙatarsa. Don haka inda rana ke da ƙarfi, mai rini da yawa ya fi samun zuriya lafiyayya. A ɗaya gefen, sai ɓangaren hasken UV da ake kira UVB ya ratsa fata kafin jiki ya haɗa bitamin D, wanda ke sa hanji ya tsotsi kalsiyam. In babu shi ƙashin yaro ya yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe, ƙugun yarinya ya tsuke, haihuwa ta yi mata wuya in ta girma. Kano tana kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, UVB ba ya yankewa duk shekara. A birnin Boston na Amurka, digiri 42, an gwada an ga daga Nuwamba zuwa Fabrairu rana ba ta isa ta sa fata ta haɗa bitamin D ba. Landan kuwa ta wuce digiri 51.

Masana sun kiyasta cewa baƙar fata ta kafu a Afirka kimanin shekara miliyan 1.2 da suka wuce, bayan gashin jiki ya ragu, gumi ya zama hanyar sanyaya jiki, fata ta fito fili. Kiyasin ya fito ne daga nazarin ƙwayar gado mai suna MC1R, wadda a Afirka kusan ba ta yarda da sauyi. Da wasu suka fita daga Afirka kimanin shekara 60,000 zuwa 70,000 da suka wuce, da rininsu suka tafi.

Wurin da mutane suka fi yin kuskure shi ne zaton cewa da isar su Turai suka yi fari. Ƙasusuwan wani mafarauci da aka tono a La Braña ta ƙasar Sifen, mai kimanin shekara 7,000, sun nuna idonsa shuɗi ne amma ƙwayoyin gadonsa na fata irin na masu duhu ne. Haka Mutumin Cheddar na Ingila, mai kimanin shekara 10,000, wanda aka bayyana sakamakon bincikensa a 2018. Sauyin da ya fi haskaka fatar Turawa yana cikin ƙwayar gado SLC24A5, kuma ya bazu a Turai ne musamman tare da manoman da suka taso daga Anatoliya, Turkiyya ta yau, kimanin shekara 8,000 da suka wuce. Ana ganin noma ya taimaka, don mai cin hatsi ba ya samun bitamin D a abinci kamar mai cin kifi da nama. Dubi Inuwit na can ƙuryar arewa: rana kaɗan, amma ba su yi fari fat ba, abincinsu kifi ne da kitsen dabbobin teku.

Mutanen gabashin Asiya kuma ta wata hanya dabam suka yi haske, ciki har da wani sauyi a ƙwayar gado OCA2 wanda Turawa ba su da shi. Wato an rage rinin sau biyu, a wurare biyu, ba tare da wani ya gada daga wani ba.

Yanzu a gwada: "Mutanen farko da suka shiga Turai suna da rinin jiki mai yawa, daga baya ya ragu." Ta zauna. A gwada da "sinadarin baƙi" a ji yadda jimlar ke karkata zuwa batun jinsi.

Malam Isuhu:
Malama, a ƙara da Afirka kanta, don a nan ne kalmar za ta fi yin aiki. Binciken da ƙungiyar Sarah Tishkoff ta fitar a 2017, a kan mutanen Habasha da Tanzaniya da Botsuwana, ya nuna babu wani abu ɗaya da za a kira "launin Afirka". Mafi duhu su ne makiyayan gabashin Afirka masu harsunan Nilo-Sahara, irin su Mursi da Surma. Mafi haske su ne San na kudancin Afirka. Sun gano rawar da ƙwayoyin gado MFSD12 da DDB1 ke takawa, kuma sun nuna da yawa daga sauye-sauyen da ke kawo haske a Afirka suka samo asali, wasu tun kafin shekara 300,000 da ake ba ƙasusuwan mutanen farko irinmu da aka tono a Jebel Irhoud ta Maroko. Shi ma sauyin SLC24A5 ya shigo gabashin Afirka ta hanyar cuɗanya da mutanen Gabas ta Tsakiya, har ya gangara kudu.

Bahaushe bai taɓa raba mutane gida biyu kawai ba. Yana da baƙi wuluk, da baƙi mai sheƙi, da wankan tarwaɗa, da ja, da fari, kuma sau da yawa duk a tsatso ɗaya. Dalili shi ne ƙwayoyin gado masu yawa ne ke haɗuwa su ba da launi, kowace ta ƙara kaɗan ko ta rage kaɗan, shi ya sa wa da ƙane ke fitowa dabam. Kuma tsofaffin mata sun daɗe da sanin rinin ba ya gama kamawa ranar haihuwa. Jariri yakan zo ja-ja, sai kaka ta kama gefen kunnensa da gindin farcensa ta duba, ta ce ga inda zai tsaya. Cikin makonni da watanni sauran jiki ya bi. Mai karatu ya juya hannunsa ma ya gani: tafin ya fi bayan haske, don ƙwayoyin marini kaɗan ne a wurin.

Likita Rakiya:
Na yarda da "rinin jiki", bisa sharaɗin duk inda aka fara ambatonsa a ce jiki ne ke haɗa shi daga ciki, kuma kullum sabo yake yi, don fatar waje tana sabuntuwa cikin kamar wata guda ko fiye kaɗan. Da wannan ma za a iya bayyana cututtukan a sauƙaƙe. Zabiya yana da ƙwayoyin marini daidai da kowa, rinin ne ba ya haɗuwa ko yake haɗuwa kaɗan. Nau'in da ya fi yawa a Afirka kudu da Sahara daga OCA2 yake, kuma sai ya gaji sauyin daga uwa da uba duka. Shi ya sa idonsa ba ya jure haske, kuma yake buƙatar malafa da riga mai dogon hannu da man kariya, don sankarar fata na kama shi da wuri. A cutar da ke sa fata ta yi fari tabo-tabo, marinan ne suka mutu a wurin. Shi kuwa man bilicin, sinadarin haidirokwinon da ke cikinsa yana danne tayirosines ne, ya hana marini aiki. In an daina rini ya dawo. In an daɗe ana shafawa yakan bar baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu wanda ke da wuyar magani. Mayukan da ke da sinadarin sitiroyid suna sa fata ta yi siriri ta tsattsage, masu makyuri kuma suna taɓa ƙoda.

Gyara ɗaya ga masu rubutu: kada a ce duk lanƙwasar ƙafar yara a ƙasarmu daga rini da ƙarancin rana take. Binciken da aka yi a Jos ya nuna ƙarancin kalsiyam a abinci shi ne babban sanadi a can.

Malam Habu:
To, mun tsaya a nan. A ambaton farko a rubuta "melanin, wato rinin jiki", daga nan a ci gaba da rinin jiki, ko rini kawai in magana ta fito fili. Baƙin rini da jan rini sun zauna, haka ƙunshin rini. Melanosait a ce ƙwayar marini, jam'i ƙwayoyin marini; kada a rubuta "marina" ita kaɗai, don a rubuce ba a bambanta masu rini da wurin rini. Saura "ƙwayoyin halitta", da ake amfani da ita ga ƙwayar jiki da ƙwayar gado duka biyu. Malama Hadiza, ki buɗe mana wannan gobe in Allah ya kai mu.