Wagon ta hannu don iyali: 406, Avensis ko Golf?

Baban Ilham:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota, musamman makanikai da waɗanda suka daɗe suna tuƙi a hanyoyinmu. Ni ma'aikaci ne a Zariya, ina da mata da yara uku, kuma ƙaramar motar da muke hawa ta yi mana kaɗan, domin duk lokacin da za mu je gida wajen Malumfashi sai an ɗora wa yara jakunkuna a cinya, a dawowa kuma buhun masarar da aka ba mu sai dai a saka shi a motar haya. Kuɗin da na tara ba zai kai ga Sienna mai lafiya ba, ga shi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ina tsoron injin mai silinda shida irin nata. Shi ya sa hankalina ya koma kan wagon.

Dillalai sun nuna mini guda uku: Peugeot 406 wagon, Toyota Avensis wagon ƙirar 2004, da Golf 3 wagon wadda ta fi sauran araha nesa ba kusa ba. Abin da nake so shi ne motar da za ta kai yara makaranta kullum, ta yi tafiyar ƙauye ko da damina, ba tare da rabin albashina ya riƙa ƙarewa a gareji ba. Wacce ce ta fi dacewa, kuma me ya kamata in duba kafin in biya?

Makanike Ƙofar Ruwa:

Wa alaikumus salam, Malam. Zan fara da cire Golf daga lissafi, ba don ƙirarta ba ta da kyau ba, sai don shekarunta da irin aikin da ta sha. An daina ƙera wagon ɗin Golf 3 tun 1999, kuma mafi yawan waɗanda ke yawo a Arewa sun yi haya tsakanin gari da gari, an loda musu mutane da kaya fiye da ƙima har bayansu ya zauna. Fenti yana ɓoye wannan tarihi, amma ƙofofin da ba sa rufuwa daidai da waldar da ke ƙarƙashin but ba sa ɓoye shi. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Tsakanin sauran biyun, ni Avensis zan ba ka shawara, amma da sharaɗin da ya fi sunan motar muhimmanci, wato ka san injin da ke cikinta. Ƙirar da aka yi daga 2003 ta zo da injuna daban-daban. Wanda ake nema shi ne mai lita 1.8, wanda ake kira 1ZZ, domin shi ne dai injin da ke cikin Corolla da Matrix na wancan zamani, saboda haka babu garejin da ba a san shi ba, kayansa kuma suna ko'ina. Sarƙa ce ke juya taiminsa, ba bel ba, don haka babu fargabar tsinkewa ba zato. Mai lita 2.0 da aka rubuta wa D-4 kuwa yana fesa mai ne kai tsaye cikin silinda da famfo mai ƙarfin matsi, ba ya jure gurɓataccen fetur, kuma idan famfon ko injekta suka lalace, gyaran yana da tsada kuma ba kowa ya iya shi ba. Na dizal ma ka bar shi, ko da an ce maka ba ya shan mai.

Shi kansa 1ZZ yana da aibin da aka san shi da shi: na shekarun farko, kafin gyaran da kamfanin ya yi wajen 2005, yakan sha baƙin mai saboda matsalar ringi, kuma taka ta 2004 ce. Saboda haka ka je ganin motar da sassafe, ka taɓa injin ka tabbatar da sanyi yake, sannan a tayar a gabanka kana tsaye a bayan salansa. Hayaƙi mai launin shuɗi alama ce ta ƙonewar baƙin mai. Ka buɗe murfin zuba baƙin mai, idan ka ga wani abu mai kauri fari-fari a jikinsa, akwai yiwuwar ruwa yana haɗuwa da mai, wato gasket ya taɓu. Kafin a tayar ɗin ma, ka murɗa makulli rabi ka ga ko duk fitilun gargaɗi sun kama, musamman ta injin da ta jakar iska, domin wasu masu sayarwa cire ƙwan suke yi maimakon gyara abin da ya sa fitilar ke kamawa. Daga nan a jona mata kwamfuta a wurin wanda kai ka zaɓa, ba wanda dillali ya kawo ba.

Abu na ƙarshe shi ne sitiyari. A Ingila aka ƙera Avensis, kuma waɗanda aka yi don kasuwar can sitiyarinsu a dama yake, sai an kawo su nan a juya shi zuwa hagu. Juyin da ba a yi da kyau ba yana taɓa birki da wayoyi da jakar iska. Ka dubi dashbod ko an yanka an liƙe, ka dubi ɓangaren da waifa ke kwantawa, ka kuma leƙa bangon da ke tsakanin injin da ƙafar direba ko akwai ramukan da aka toshe.

Tsohon Direba:

Na karanta bayanin ɗana makanike, kuma ban ƙi ko ɗaya daga abin da ya faɗa game da injin ba, sai dai ya yi magana ne a matsayin mai gyara a cikin birni, alhali mai tambaya ya ce zai riƙa shiga ƙauye da damina. Avensis gajera ce daga ƙasa. Idan aka cika ta da mutum biyar da buhu biyu, cikinta zai riƙa gogar kowane tudu, kuma abin da ke fara cin duka shi ne salansa da kaskon baƙin mai. Ana ɗaga ta da ƙarin roba a kan sifirin, amma hakan yana sauya yadda take riƙe hanya idan ana gudu.

406 ma ba doguwa ba ce daga ƙasa, amma ƙafarta ta fi iya shanye rami, kuma a kan doguwar hanya zamanta ya fi daɗi, wanda duk wanda ya yi Kaduna zuwa Abuja a cikinta zai shaida. Ga kuma dalilin da matasa ke mantawa da shi: tun 1975 ake haɗa Fijo a Kaduna, daga 504 har zuwa ita 406 ɗin, don haka yankin Kaduna da Zariya da Funtuwa cike yake da makanikan da a kan Fijo suka koyi sana'a, kuma a kasuwar Panteka ta Kaduna da wuya ka nemi wani abu nata ka rasa. Mota mai aminci a wurina ita ce wadda idan ta tsaya maka a ƙauye bayan la'asar za a sami wanda zai tayar da ita kafin magariba.

Amma fa ina magana ne a kan mai giyar hannu da injin silinda huɗu. Giyar otomatik da aka sa wa yawancinsu, wadda ake kira AL4, ta sha ba mutane wahala, takan maƙale a giya ta uku idan ta yi zafi ko bawul ɗinta ya gaji. Kuma 406 bel take amfani da shi a taimin, idan ya tsinke ana cikin tafiya yakan lanƙwasa bawul, don haka ranar da ka saye ta ka sauya bel da famfon ruwa, kada ka dogara da rantsuwar mai sayarwa cewa bai daɗe da sauyawa ba. Tana kuma son wutarta ta zauna yadda kamfani ya tsara. Kada ka yarda a cire mata tamostat ko a haɗa fanka kai tsaye, al'adar da ta kashe injuna da yawa da sunan maganin zafi.

Maman Sadik:

Malam, duk bayanan da aka yi na injin ne, bari in ƙara abin da mai zama da yara a baya take gani. Ka ce yaranku uku, to kujerar baya ta cika ke nan, ranar da za a ɗauki Hajiya ko wata baƙuwa babu wurin zama, kuma but ɗin wagon ba wurin zaman yara ba ne ko da ya yi faɗi, domin nan ne ke fara karɓar duka idan aka bugi mota ta baya. Akwai 406 wagon da ta zo da ƙarin kujeru biyu a can baya daga kamfani, masu bel ɗinsu, idan ka dace da irinta ka duba ta da kyau. Ka kuma ja kowane bel na kujerar baya ka ga yana kamawa, ka gwada makullin da ke hana yaro buɗe ƙofa daga ciki.

Sannan but ɗin wagon a haɗe yake da wurin zama, ba kamar na salun ba. Jarkar fetur ko ta manja warinta yana cika motar, kayan da aka tara sama da kan kujera kuma suna iya faɗowa kan yara idan aka taka birki da ƙarfi, don haka ka nemi wadda labulen but ɗinta ko ragarta ke nan. Na'urar sanyaya ɗaki kuma a gwada ta da tsakar rana, motar tana tsaye, domin gilashin wagon yana da yawa, kuma zafin Afrilu bai san araha ba.

Alhajin Kwatano:

Ni a kan takardu zan yi magana, tunda harkar shigo da motoci na yi. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma bayan nan motoci da yawa sun shigo ta ɓarauniyar hanya da takardun duti na bogi ko na wata motar daban. Ka karɓi takardar kwastan, ka gwada lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ke jikinta da wadda aka buga a jikin motar, sannan ka je ofishin kwastan da kanka a tabbatar maka an biya, kafin kuɗi ya bar hannunka. Idan motar ta riga ta yi rajista a nan, ka nemi ganin mai ita na ainihi da katin shaidarsa, a rubuta takardar ciniki da shaidu, a sauya sunan mallaka nan take.

Ka kuma sa a ɗaga ta a leƙa ƙasanta. Motocin da suka fito daga ƙasashen ƙanƙara suna zuwa da tsatsar gishirin da ake watsawa a titi da hunturu, kuma sabon baƙin fenti a ƙasan tsohuwar mota abin tambaya ne. Lambar tafiya da ke kan mita kuwa kada ka ba ta muhimmanci sosai, ana mayar da ita baya cikin sauƙi. Gogewar robar feda da sitiyari da kujerar direba sun fi ta faɗin gaskiya. Ina kuma ba ka shawarar ka tambayi farashin Pontiac Vibe ko Matrix na 2005 zuwa 2008 kafin ka yanke hukunci. Ba su kai wagon tsawon but ba, amma yawancinsu injin 1ZZ ne a cikinsu, kuma kujerun bayansu suna kwantawa su yi shimfiɗa.

Baban Ilham:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na koma wurin dillalan da waɗannan tambayoyi. Avensis ɗin mai 1.8 ce kuma sitiyarinta na asali ne, amma mai ita ya ƙi yarda a je ganinta da safe, ya ce sai da yamma, don haka na dakata. 406 ɗin kuwa otomatik ce, na bar ta, na sa a nemo mini mai giyar hannu. Baba Tsohon Direba, idan aka samu, ban da bel da famfon ruwa, me kuma zan ware wa kuɗi tun farko?

Tsohon Direba:

Ka ware na tayoyi huɗu sababbi, ka duba shekarar ƙirarsu a gefe, lambobi huɗu ne, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Sai baƙin mai da matatarsa, da matatar fetur, da wanke lagireto a zuba ruwan sanyaya injin na kanti maimakon na rijiya. A duba robobin ƙafar baya da ƙananan sandunan da ke riƙe ta, su ne ke fara ƙara a 406 idan ta sha kaya. Duk wannan ka cire shi daga kuɗin da ke hannunka kafin ka fara taya motar.